Sa Hannun Tsohon Tela

Shi da kansa ya matsa a je banki. Tun ranar da likita ya zaunar da su ya ce cutar mantuwa ce, kuma ba ta ja da baya, Baba ya hana 'yarsa Auta sakat.

"Tun ina gane dama da hagu, a sa sunanki a asusuna," in ji shi. "Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe."

Gaskiyarsa ce kuwa. A asusun nan hayar tsohon shagonsa na ɗinki take shiga, daga nan ake sayen magani. In aka yi sake har kansa ya gama rikicewa, kuɗin na nan, amma sai dai kallo.

A banki wani matashin ma'aikaci ya miƙo takarda da biro. Baba ya gyara tabarau, ya rubuta sunansa harafi-harafi, tsaf kamar ɗan firamare. Ma'aikacin ya dubi kwamfuta, ya dubi takarda, ya sosa ƙeya.

"Baba, bai yi daidai da wanda ke wurinmu ba. A sake gwadawa."

Ya sake, ya kuma sakewa. Kowanne ya fi na baya kyau, kuma kowanne ba shi ba ne. Auta ta matso kusa da teburin.

"Malam, don Allah ko zan ga na asalin?"

Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ikon Allah! Sa hannun da ta taso tana gani a kan sakamakon jarrabawarta ne, amma ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba sai yau. Wani lanƙwasasshen layi ne kamar bakin kwano, da tsagi ya sauko daga tsakiyarsa, sai 'yan gajerun zane a kowane gefe. Ko harafi ɗaya babu.

"Baba, wai me kake rubutawa a nan?"

Ya leƙa. "Wa ya yi wannan jagwalgwalon?"

"Kai mana."

"Ni? Haba dai. Kaza ce ta bi ta wurin."

Ma'aikacin ya ƙunshe dariya, sannan ya shiga bayanin ɗaya hanyar: takardar likita, lauya, jira mai tsawo. Auta kam ko rabi ba ta ji ba. Halinta ne tun tana ƙarama, in abu ya ɗaure mata kai, ko gobara ake sai ta kwance shi. Mutum ya shekara da shekaru yana zana abu ɗaya, ai dole abin yana da ma'ana. Jirgin ruwa ne? Ƙugiya ce? Tana cikin haka idonta ya sauka a wuyan rigar ma'aikacin, ga lanƙwasa, ga tsagin maɓalli ya sauko. Sai ta tuno kanta a tsugune gefen teburin yanka, tana kallon alli yana gudu a kan yadi. Ta kuma tuna Baba bai taɓa zana yadi a zaune ba.

"Baba, miƙe tsaye."

"Korarmu aka yi?"

"A'a, aiki na kawo maka." Ta jawo takardar bakin tebur, ta shafe ta da tafin hannu yadda ake shimfiɗa yadi. "Riga nake so. Fitar min da wuya."

Ya ƙare wa kafaɗunta kallo, ya ɗan karkata kai. Sai hannun ya tafi da kansa, shuu, ya sauko da tsagi, ya ɗiga alamar kafaɗa nan da can.

"Shi ne, wallahi!" in ji ma'aikacin, har da tafi. Sannan ya nutsu ya tambaya, "Baba, ka san abin da ka sa wa hannu?"

"Na sani sarai, ɗana. Na ba Auta wuƙa da nama. Allah dai ya sa kar ta rama rowar da na yi mata."

Da suka fito bakin titi, Auta ta kasa haƙuri.

"Baba, ya aka yi wuyan riga ya zama sa hannunka?"

Abin da ya daɗe bai cika ɓace masa ba, don haka amsar ta zo da sauri. "Ranar da na buɗe asusun aka ce in sa hannu. Lokacin ban iya rubutu ba, kunya ta kama ni. Sai mutumin ya ce in yi abin da hannuna ya saba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Yana ta juya hannunsa na dama yana kallo, kamar yau ya fara ganinsa.

"Ashe shi bai manta ba," ya ce a hankali. "Auta."

"Na'am, Baba."

"Akwai ranar da zan dube ki in ce wace ce wannan. Likita ya faɗa, na ji shi. Ranar kar ki yi kuka, kar ki tsaya yi min bayani. Miƙo min kafaɗarki kawai ki ce riga kike so. Tun kina zanen goyo nake auna ki."

Auta ta matso kusa da shi. Ta kama hannun ta riƙe, suka tsallaka titi.