Kaset ɗin Rukayatu

Nimatu ta kira ni ranar Talata ta ce in nemo kaset ɗin tattabarar. Ita ce 'yata, ita kaɗai Allah ya ba mu. Da Hausa nake yi mata magana, ita kuma ta amsa da Turanci, haka muka saba. Ta ce likita ya gaya mata cewa aikin da mutum ya yi da hannunsa shi ne yake daɗewa bai fita daga kansa ba. Idan uwarta ta ga kaset ɗin, wataƙila wani abu ya dawo. Wataƙila ta gane mu.

Na ce to.

Wata goma sha huɗu ke nan matata Rukayatu ba ta san ni ba. Tana gidan kula da tsofaffi a Lewisham. Kullum bayan azahar nakan shiga bas in je. Ta gyara mayafi, ta ce, "Malam, an zo lafiya?" kamar yadda ake gaida mai kawo saƙo. Shekara arba'in da shida muna tare.

Daga zangon Kumasi muka zo ƙasar Turawan nan a 1981. Ni ina dako a wani sito a Old Kent Road. Ita ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai yin finafinan katun. Ba ita ke yin zanen ba. Ana miƙa mata leda mai kauri, garau kamar gilashi, an riga an ja layuka a kanta, ita kuma ta juya bayan ta cika launi da ɗan buroshi. Leda dubbai. Takan dawo gida da fenti ruwan toka a ƙarƙashin farce.

Shekara guda suka yi a kan fim ɗaya na minti ashirin da biyar. Daga wani zanen barkwanci aka ɗauko shi, wanda ke fitowa a bayan wata jaridar yamma: tsoho mai gyaran takalma da tattabararsa mai ƙafa ɗaya. Tattabarar ta ɓace ana gobe Kirsimeti, tsohon ya rufe shago yana yawon nemanta cikin ruwan sama. Babu kyauta a ciki, babu biki. Haka ta ba ni labari. Ni ban kalla ba. Na ce Kirsimeti ba namu ba ne, zanen abu mai rai kuma ba aikin gidana ba ne. Ranar da aka nuna shi a 1988, da rana tsaka, na tafi kicin na zauna. Ita da Nimatu suka kalla, ta naɗe shi a kaset ɗin bidiyo.

Sau ɗaya aka taɓa nuna shi. An ce ya cika ban tausayi, yara ba za su so ba. Kamfanin ya rufe bayan shekara biyu. Nimatu ta ce ta bincika intanet kaf, ba ta samu ba, sai wasu mutane ƙalilan da ke rubuta cewa an zalunci fim ɗin, suna tambaya ko wani yana da shi a ajiye.

Kaset ɗin yana nan a ƙasan akwatin zannuwanta, da rubutun hannunta a jiki. Na san inda yake. Na kuma san abin da ke ciki.

A bayan kowane kaset akwai wani ɗan marfi. Idan aka ɓalle shi, rami ya bayyana, inji ba zai ƙara naɗar komai a kai ba. Rukayatu ta ɓalle nata tun a ranar. A azumin 1993 ni nake kwafar tafsiri wa mutanen masallacinmu, inji biyu a haɗe. A makon nan ne wani ya tare ni a bakin masallaci, gaban jama'a, ya ce yaransa sun ga sunan matata a ƙarshen fim ɗin Nasara. "Gariba, ashe a gidanka ake yi wa Kirsimeti fenti." Aka yi dariya. Shekara biyar da nuna fim ɗin, bai manta ba.

Akwai shago a ƙasan benen da muke zaune mai sayar da sabon kaset. Ban sauka ba. Na yanki salatif na liƙe ramin, na naɗi tafsiri a kai. Da na gama na ɓare salatif ɗin, na mayar da kaset ɗin akwati. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi ba.

Ranar Alhamis na je wurin Abukari, mai gyaran talabijin a Old Kent Road, ɗan garinmu ne. Ya tono wani tsohon injin bidiyo daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura. Ya ce shi da injin nan da ni duk motar sharar hukuma ya kamata ta zo ta kwashe. Ya miƙo hannu ya ce in kawo kaset ɗin ya gwada, kada in je in ji kunya. Na ce injinsa na zo aro, ba shawara ba.

Ranar Asabar Nimatu na jirana a ƙofar gidan tsofaffin. Ta karɓi kaset ɗin da hannu biyu, ta shafa rubutun uwarta. Ta ce tana tuna kiɗan farkon, har ta rera mini kaɗan. Daga ƙofa zuwa ɗakin Rukayatu tafiya ce mai ɗan nisa, ga lif, ga dogon baranda. Sau biyu na buɗe baki. Na farko na ce injin yana da nauyi. Na biyu sai ga mu a ƙofar ɗakin.

Angelina, ma'aikaciyar da ke kula da ita, ta haɗa wayoyin. Aka juyo da kujerar Rukayatu.

Kiɗan ya fara. Titi ya bayyana, jiƙe, ruwan toka, da fitilar wani shago. Ashe ban danna da wuri ba a wancan lokacin, farkon ya tsira. Rukayatu ta miƙe zaune. Hannunta na dama ya tashi daga cinya, yatsu uku a haɗe kamar mai riƙe da buroshi.

Sai hoton ya yage, ya yi tsaki. Malami ya fito zaune a kan buzu, yana gyara makirufo.

Nimatu ta tura gaba. Malami. Ta ƙara turawa har kusan ƙarshe. Malami. Angelina ta ce ko an yi kuskuren kaset ne. Nimatu kuwa ni take kallo.

Rukayatu ce ta yi magana. Ta juyo gare ni, muryarta a natse.

"Malam, ka yi haƙuri, an sa ka ɗauko kaya a banza. Maigidana ne ya goge."



"Tun kafin sallah na gani. Ya bar danƙo a jiki." Ta sunkuyo kaɗan. "Kada ka gaya masa na sani. Mutum ne da ba ya iya ɗaukar kunya."

Na ce, "Rukayatu, ni ne. Gariba ne."

Ta dube ni sosai, daga hula har takalmi. Ta yi ɗan murmushin da ake yi wa wanda ya faɗi abin da bai dace ba.

"Gara ka tashi, Malam. Ya kusa dawowa, kuma ba ya son ya tarar da baƙo."

Nimatu ta cire kaset ɗin ta sa a jakarta. Da Hausa ta yi mini magana, abin da rabona da ji daga bakinta tun tana makarantar firamare. Ta ce, "Baba, ka ji abin da ta ce."

Na naɗe wayoyin Abukari, na ɗauki injin, na fita.