Iskar da Ɗanliti Ya Rage

Shekara talatin da ɗoriya Ɗanliti yana facin taya a bakin titin Talata Mafara, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, amma bai taɓa mallakar gejin awon iska ba. Cewa yake geji na masu shakkar hannunsu ne. Sai ya ƙwanƙwasa taya da sifana, ya karkata kai kamar mai sauraren gulma, ya faɗi abin da ke cikinta. Direbobi kuwa su yarda, don wa zai tsaya musu da mai furfura a kan sana'arsa?

Akwai abin da ya gada wurin ubangidan da ya koya masa aiki. In bazara ta yi, kwalta ta ɗauki wuta, to sai a rage wa taya iska don kada zafi ya kumbura ta ta fashe. Da tsinken ashana yake danna bawul, ya saki iska kaɗan, kuma ba ya karɓar ko sisi a kai. Taimako ne yake yi saboda Allah.

A wata bazara 'yarsa Bushira ta zo gida wankan jego. Da ta yi arba'in, mijinta Imran ya turo direba mai suna Maiwada ya mayar da ita Dakko da jaririyarta Ramla. Motar ta iso ƙofar gida da azahar, bayan ta sauke fasinjan Maradun. Aka shiga loda mata gara: buhun shinkafa biyu, garin kunu, jarkar man gyaɗa, ga gwaggonni uku 'yan rakiya, kowace da ƙunshinta.

Turai, matar Ɗanliti, ta leƙo daga zaure ta ce, “Malam, duba musu tayoyin ga, rana ta yi zahi.”

Ya dafa taya, ya ji ta kamar kaskon tuya. Ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinkensa, har ya ɗan ƙara ragewa fiye da yadda ya saba, tunda tasa ce a ciki. Bushira tana dariya ta taga, ta ce, “Baba, yau ma aiki? Tashi kar rigarka ta ɓaci.”

Ba su kai Bakura ba tayar baya ta fashe. Motar ta wuntsila sau biyu. Maiwada ya karye a hannu, gwaggonni suka kukkuje, jaririya ko ƙwarzane ba ta yi ba. Bushira kaɗai Allah Ya karɓa.

Masu gaisuwa suka cika gida, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Ɗanliti ya riƙe wannan magana da hannu biyu. Abin da ya fi sanyaya masa rai shi ne ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har durƙusawa ya yi. Imran ya bar musu Ramla, Turai ta raine ta da madarar gwangwani da kunu.

Da bazara ta zagayo, maƙwabcinsu Thomas, ma'aikacin noman rani da ya daɗe a garin, ya tsaya a cire masa ƙusa daga taya. Da aka gama, Ɗanliti ya zaro tsinke ya nufi sauran tayoyin.

Thomas ya riƙe masa hannu yana murmushi. “A'a Baba, bar su haka. Taya in ta yi zafi ba a rage mata iska. Da safe ake auna ta, kafin mota ta motsa.”

“Kai Thomas, ni za ka koya ma taya? In ba a rage ba ai hwashewa takai.”

“Wadda aka rage ce ke fashewa, Baba. In iska ta yi kaɗan sai gefenta ya riƙa lanƙwashewa, tana murza kanta a kan kwalta har ta dahu. Balle an yi mata lodi, ai ba ta nisa.”

Sai da maganar ta fita Thomas ya ga fuskar tsohon, ya tuna da haɗarin Bushira. Ya shiga kame-kame, wai wata tayar dama ta tsufa, wai komai nufin Allah ne. Ɗanliti bai ji shi ba. Buhun shinkafa biyu yake gani, da gwaggonni uku, da tsinken da ke tsakanin yatsunsa. Ya saki tsinken ya faɗi ƙasa.

Kwana huɗu yana fita aiki ya dawo bai taɓa taya ba. Ya san in ya yi shiru, ba mai sani har abada. Amma ya kasa cin tuwon Turai, don ita ce ke ce masa kullum ya yi haƙuri, bai rage Bushira da komai ba.

Rana ta biyar da hantsi ya same ta a tsakar gida tana ba Ramla koko. Ya zauna a kan turmi, ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai kuma kare kansa ba.

Turai ta tsayar da cokali. Ramla ta buɗe baki tana jira, ta gaji, ta kama hannun kakarta tana ja.

“Ni nic ce ka duba,” in ji Turai a hankali. “Ina tsaye ina kallonka durƙushe, har nac ce a raina ɗiyata ta yi sa'ar uba.”

“Ki yahe mini, Turai.”

Ta share wa yarinyar baki da gefen zane, hawaye na zuba a kan kwanon.

“Ba ka yi don cuta ba, na sani. Amma da ka bar ni da ƙaddara, Malam. Ita ina iya ɗauka.”