Ƙudan Ƙarya Daga Wuyan Janar

Dattijo Don Baldomero ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar baƙi masu kamun kifi a mota daga garin Coyhaique zuwa bakin koguna, amma bai taɓa jefa fatsa a ruwa ba. Nasa dai ya ɗora musu kaya, ya sauke, ya zauna a mota yana shan mate, shayin ganyen ƙasarsu, har su gaji. Da ya ajiye aiki sai 'ya'yansa suka haɗa hannu suka saya masa sandar kamun kifi irin ta baƙin nan, doguwa siririya, a cikin kube kamar takobi. Daga ranar matarsa, Doña Clorinda, ta yi sallama da zaman lafiya a tsakar gida.

Shi irin wannan kamun kifi ba a sa tana, ba a sa nama. Ƙudan ƙarya ake ɗaurawa a ƙugiya, na gashin tsuntsu da zare, a yi ta kaɗa igiya a sama, sannan a ajiye shi a kan ruwa kamar shi ya faɗo da kansa. Don Baldomero ya sha gani ta gilashin mota, saboda haka ya ɗauka ya iya. Da ya fito gwaji, zanen gado ya fara kamowa daga igiyar shanya, sai hular kansa. Doña Clorinda ta ƙwace ƙugiyar, ta ɗaura masa guntun jan ulu a madadinta don a tsira da idanun kaji. Kajin kuwa suka zaci abinci ne, duk inda ulun ya sauka suna biye da gudu.

"Ka ga ka iya, tsoho," in ji ta daga taga. "Kaji dai sun yarda da kai."

Ƙanenta Nibaldo shi ke da dawaki, shi ke hawa da baƙi zuwa tafkin da ke bayan tsauni, inda mota ba ta zuwa. Ya yi wa surukinsa alkawarin kai shi a watan Janairu, tsakiyar zafi a ƙasarsu, lokacin da ƙanƙara ta janye daga hanya, su yi sati guda a tanti. Wata Lahadi ya zo cin gasasshen rago, ya share maiƙo a bakinsa ya ce:

"Yaya, maƙeri zai zo buga wa dawaki takalmin ƙarfe. A buga wa goɗiyar nan mai sanyin hali, ko a bar ta? In za ki, ita za ki hau. In ba takalmi, ba ta iya duwatsun can."

"A bar baiwar Allah ta huta."

"Mijinki fa ya ce za ki."

"Mijina ya kuma ce ya iya kamun kifi."

Don Baldomero ya sunkuya yana gyara wutar da ba ta bukatar gyara.

Ita tana da dalilinta. A can bayan tsaunin aka haife ta, a ɗakin katako mai yoyo, inda sai ta fasa ƙanƙara da gatari kafin ta ɗebi ruwa. Ranar da ta sauko gari ta samu murhun ƙarfe da gado mai katifa, ta rantse bayanta ba zai sake taɓa ƙasa ba sai ranar da aka binne ta.

"Abin da na gudo wa shi ne yanzu ake kira hutu," ta ce. "Kaji kuma wa zai duba min? Ni dai ku kawo min kifin, in soya."

Nibaldo ya tuntsire da dariya. "Bai gaya miki ba? Ai ba a kawowa. In ka kama, ka jiƙa hannu ka riƙe shi, ka dube shi, ka mayar."

"Ka mayar ina?"

"Ruwa."

Ta ajiye wuƙa ta dubi mijinta. Shi kuwa, tunda abin ya riga ya fito, sai ya ƙara da cewa har ƙayar ƙugiyar ma ana matsewa da filaya, don kada a ji wa kifin ciwo.

"Wato a cire wa kare haƙori a ce ya yi gadi. Ku hau doki yini guda, ku kwana a ƙasa, don ku gaisa da kifi ku dawo. Ku gaishe min da shi."

Nibaldo ya ce maƙeri dai sai Juma'a ta sama, akwai sauran lokaci. Ta ce ko shekara ce.

Kashegari Don Baldomero ya baje a kan teburin cin abinci da ƙugiyoyi da zare da wasu gashin kaza da ya tsinto a akurki. Ya ce 'ya'yan nan sun sayi sanda sun manta da ƙuda, dole ya ɗaura da kansa. Yatsunsa kuwa yatsun direba ne, kowanne kamar dankali. Ya naɗa zare ya warware, ya naɗa ya tsinke. Tabarau ya zamo masa kan hanci. Abin da ya haɗa daga ƙarshe ya fi kama da abin da kyanwa ta amayo.

Doña Clorinda tana gefen murhu tana kaɗin ulu, ba ta kallonsa. Wato tana kallonsa ta gefen ido. Mace ce da za ta iya jure yunwa da sanyi da surutun miji, amma ba ta iya jure ganin ana wulakanta zare a gabanta.

"Wannan mene ne?"

"Ƙuda."

"Ko makahon kifi sai ya yi maka dariya. Matsa."

Ta zauna a kujerarsa. Ta ce ai a Janairu ba ƙuda ke faɗawa tafkin can ba, wani baƙin buzuzu ne ƙato mai ƙaho, yana faɗowa daga itatuwan bakin ruwa, sai ka ji kifi ya haɗiye shi kamar an jefa dutse. Tana yarinya ta sha zama tana kallo maimakon ta koma da guga. Ta ɗauko baƙin ulu ta naɗa masa ciki, ta juya shi a hasken taga, ta ce ƙafafu suka rage, kuma gashin kaza ya yi laushi.

Su biyun suka dubi waje. Janar yana tsaye a kan shinge, zakaran da babu irinsa a unguwar, wuyansa yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ko Don Baldomero bai isa ya kore shi daga bakin ƙofa ba.

"Ni ban ce komai ba," in ji shi.

"Gara da ba ka ce ba."

Da kanta ta kamo zakaran, ta danne shi a hammata, ta ba shi haƙuri ta zare gashi biyu. Janar ya kwana uku ba ya cin masara a hannunta.

Suka kai buzuzun kwamin shan ruwan kaji don gwaji. Ya nutse kamar tsakuwa. Don Baldomero ya ce ba laifi, ya yi kyau a haka. Ta ce ya rufe mata baki. Ta tsaya tana kallon ruwan, sai ta tuna ulun wankakke ne, shi ya sa ya sha ruwa. Ta shiga ɗaki ta yago na buhu, wanda ba a wanke ba, mai maiƙonsa da warin tunkiya. Wannan karon buzuzun ya zauna a kan ruwa, ƙafafunsa a baje. Wata kaza ta miƙo wuya ta kai masa sara, da ƙyar aka ƙwace.

Daga nan fa abinci ya fara makara a gidan. Ta ɗaura buzuzu, ta ɗaura fara, ta ɗaura wani ɗan ƙwaro mai ruwan toka wanda ita kaɗai ta tuna da shi. Ta jera su a gwangwanin alewa. Wuyan Janar ya fara nuna fata ta gefe ɗaya, har ya koma juya wa kaji ɗaya gefen. In Don Baldomero ya fita gwaji, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara masa.

"A hankali, tsoho. Ba bulala kake wa doki ba. Haka za ka buga min buzuzu a ruwa?"

Ana gobe maƙeri zai zo, ta ɗauko wandon robar da zai shiga ruwa da shi, mai kaiwa har ƙirji, don ta duba ko ɓera ya taɓa. Ta ji abu mai tauri a cikin ƙafar hagu. Ta zura hannu ta zaro wani ɗan akwati. Ta buɗe. Ƙudaje ne na kanti, sahu sahu, ja da kore da ruwan zinariya, har da buzuzu mai ƙaho. Ashe 'ya'yan ba su manta da komai ba.

Ta zauna a bakin gado da akwatin a cinya. Ta tuna yadda ya baje kayansa daidai inda haske ke faɗowa, daidai inda za ta gani daga murhu. Ta tuna yadda zaren ke tsinkewa duk lokacin da ta ɗago kai. Mutumin da ya kasa yaudarar kifi ko ɗaya, ya ajiye mata ƙuda a kan ruwa a hankali, ita kuwa ta taso ta haɗiye har da ƙugiya. Ta so ta yi fushi, dariya ta riga shi zuwa. Ta ɗauki buzuzun kantin ta duba cikinsa, ta ga nata ya fi, ta mayar.

Da safe Nibaldo ya tsaya a bakin shinge bai ko sauka daga doki ba.

"Yaya, maƙeri na jira. Goɗiya fa?"

Don Baldomero yana riƙe da ƙoƙon mate, ya ƙura wa tsaunin ido kamar yau ya fara ganinsa. Doña Clorinda ta fito ta ajiye akwatin kantin a kan benci kusa da shi. Ya dube shi, kunnuwansa suka yi ja.

"A wandonka ya kwana," ta ce. "Wannan a gida zai zauna. Waɗanda na ɗaura za a kai. Kuma ba zan ba wa mutumin da ke kamo zanen gado gashin Janar ya je ya rataye min a itace ba tare da ina wurin ba. A buga wa goɗiyar takalmin, Nibaldo."

"Ƙasa fa za ki kwana, Yaya."

"Fatun tumaki na nan. Ka ɗora su duka, kai ka kwana a kan sirdi."

"Kifin kuma mayarwa za a yi."

"In ya kama buzuzuna ni zan mayar da shi da hannuna. Ina so in ga fuskar wanda ya yarda da aikina." Ta juya ga mijinta. "Sai kaji. Bari in je in roƙi Herminia."

Don Baldomero ya yi gyaran murya. Ya ce maƙwabciyar tasu ta riga ta yarda.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti."

Nibaldo ya juya dokinsa da sauri, ana jin dariyarsa har ƙarshen layi. Doña Clorinda ta karɓi ƙoƙon daga hannun mijinta ta shanye, ta miƙa masa ya sake zubawa. Sannan ta shiga ta sauko da babban kaskon suya ta sa a cikin kayan tafiya, ta ce na dankali ne. Shi dai bai tambaya ba.