Magogin Bahago

Na shafa masa kumfa a rabin fuska ke nan, aska tana hannuna, sai Auta ta ɗaga labule ta ce, "Baba, ga Yaya ya zo."

Baba Kafinta bai buɗe ido ba. Na dai ji haɓarsa ta ƙame a ƙarƙashin yatsuna.

"To ya shigo mana," ya ce. "Ko sai an aika masa da mota?"

Ni mai aski ne. Bango ɗaya ya raba shagona da na Baba Kafinta, gidansa kuma yana bayan shagon. Tun da ciwo ya kwantar da shi nake ɗaukar jakata in zagaya in yi masa gyaran fuska a kan gado, don ya ce ko mutuwa ce za ta zo, ba za ta same shi da gemu kamar bunsuru ba.

Babban ɗansa ya shigo yana sunkuyar da kai saboda ƙofar ta yi masa gajarta. Direba muke ce masa, babbar mota yake ja daga gari zuwa gari. Warin man inji ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya gaishe ni, sannan ya rasa inda zai sa idonsa. Akwai wani abu a hammatarsa, nannaɗe da tsohon tawul.

"Ya jiki, Baba?"

"Ga shi kana gani. Ya hanya?"

"Lafiya."

Shekara da shekaru iyakar hirarsu ke nan, kuma duk layinmu an san dalili. Lokacin Direba yana saurayi a shagon yake aiki, hannunsa kuma yana da kyau. Wata shekara Baba ya yi doguwar jinya a asibiti, yaron ya riƙe shago shi kaɗai. Ya ga sauran kafintoci sun koma injin wuta suna ƙwace musu aiki, sai ya ɗauki wani tsohon akwatin kayan aiki da ke ƙarƙashin benci, ya kai wa mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya haɗa ya sayo inji. A zatonsa albishir ya tanadar wa mahaifinsa. Akwatin nan kuwa na kakansa ne: zartuna, barima, cizal na sassaƙa iri-iri, da wani magogi na goge katako ya yi santsi, wanda aka fi ji da shi. Ranar da Baba ya dawo ya duba ƙarƙashin benci, a gaban mutane ya ce masa, "Ka sayar da hannun ubana. Kai ba ɗan gidan nan ba ne, ɗan kasuwa ne." Yaron ya ajiye guduma ya fita. Bai sake ɗaukar ta ba.

Yanzu ga shi, da furfura a gefen kunne, yana warware tawul.

"Baba, a wata kasuwar tsofaffin kaya na gan shi. Na ce bari in kawo ka duba."

Magogi ne na itace, dogo, ya yi baƙi don shan hannu. Auta ta dafe ƙirji. Ni ma na sauke aska, don na san abin da za a yi. Baba Kafinta ya shahara da wannan. Mutane sukan kawo masa tsohon kayan aiki da suka gada ko suka tsinta, ya juya shi sau biyu ya gaya musu zamaninsa. Tun ina sauraro ta bango har na koyi kaɗan. Yakan ce ƙarfe mai kaifin da ke cikin magogi na da can yana da kauri a baki, ya sirance zuwa wutsiya, kuma in ka duba gefensa za ka ga layin da maƙeri ya haɗa ƙarfe mai tauri da mai laushi. Na baya-bayan nan kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa. Yakan ce tambari ma yana tsufa, masu ƙira suna canza shi kamar yadda mutum yake canza hula.

"Tayar da ni," Baba ya ce.

Muka jingina shi da matashi. Ya ɗora magogin a cinya, kumfa tana bushewa a kumatunsa. Idonsa ya riga ya yi rauni, da yatsu ya bi shi, tun daga goshi har gindi. Ya shafa gefen dama, ya shafa gefen hagu, ya koma dama ya daɗe a wurin.

"Auta, ƙaramar guduma."

Ta kawo. Da ya ƙwanƙwasa gindin magogin sau ɗaya, ɗan itacen da ke danne ƙarfen ya saki. Ya zare ƙarfen ya matse shi tsakanin yatsu biyu, ya ja su daga baki zuwa wutsiya.

"Mai aski, idonka ya fi nawa. Me ka gani a tambarin?"

Na kai shi bakin taga. "Hoton makulli ne, Baba."

"Makulli!" Direba ya ce da sauri, muryarsa ta koma ta yaro. "Shi na tuna. Na Kaka ma makulli ne. Duk garin da na sauke kaya sai na shiga kasuwa ina duba makullin nan."

"Makulli kawai?" Baba ya tambaye ni.

"Da zobe kewaye da shi."

A waje mai gyaran babur yana ta murza wani inji da ya ƙi tashi. Direba yana durƙushe, manyan hannayensa a kan gwiwa, yana kallon bakin mahaifinsa kamar mai jiran hukunci.

"Shi ne," Baba ya ce.

Direba ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka sauka kamar an sauke masa buhu. Auta ta fita da gudu, na ji tana jan hanci a tsakar gida.

Na ɗauka yanzu za a yi maganar da aka daɗe ba a yi ba, har na fara tattara kayana. Baba ya riƙe hannun rigata ya ce in ƙarasa aikina. Haka na ci gaba da aski, su kuma suka kama hirar ƙarfe. Baba ya ce wanda ya riƙe magogin bai iya wasa shi ba, ya cinye masa baki gefe ɗaya. Direba ya ce ai mutanen yanzu ba su san dutse mai kyau ba. Daga nan suka koma kan tayoyi da ramukan hanya. Sun yi dariya har sau biyu. Sai wayar Direba ta yi ƙara, masu kaya suna jira. Ya miƙe.

"In na sauke wannan zan dawo in kwana biyu, Baba."

"Allah ya tsare. Ka rage gudu, ba ka da kai biyu."

Da ƙarar takalminsa ta ɓace, ina goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ba shi ba ne."

"Baba?"

"Wannan ko ni na girme shi. Makulli mai zobe na baya ne, na ubana makulli ne tsirara. Ƙarfen ma ka ji shi, kaurinsa ɗaya, inji ne ya yanka shi." Ya kamo hannuna ya ɗora a jikin itacen. "Shafa nan. Ka ji ramin babban yatsa? Na mai hannun dama ne. Ubana bahago ne. Raminsa a ɗaya gefen yake, har yatsana yana nutsewa a ciki."

"To me ya sa ka ce masa shi ne?"

"Ka ga fuskarsa kuwa?" Ya yi numfashi da ƙyar. "Mutum ya yi rabin rayuwarsa yana tonon tsatsa a kasuwannin mutane saboda magana ɗaya da na faɗa da zafin rai. Ni ban ma san yana nema ba. Injin nan da ya saya, shi ya ciyar da gidan nan har Auta ta gama makaranta. Ban taɓa ce masa haka ba."

"Ai ga waya. Auta ta kira shi, bai ma fita gari ba."

"Ba maganar waya ba ce. In ya dawo zan zaunar da shi nan, in gaya masa da bakina. Magogi itace ne. Ni ne na yi ɓarna, ba shi ba."

Na ce to. Auta ma da ta ji wani ɓangare na maganar ta matsa masa, ya ce kowa ya bar shi, ya san abin da yake yi.

Kwanakin da suka biyo baya magogin yana kan gado kusa da shi. In na zo sai in tarar ya sa Auta ta kawo dutse da ɗan mai, yana gyara bakin ƙarfen a hankali, ja biyu ya huta. Na ce masa, "Baba, tunda ba naka ba ne, wahalar ta mece ce?" Ya ce, "Na wani ne ai. Shi ma yana da ɗa." Abinci ya fara gagararsa. Duk ƙarar babbar mota da ta wuce ta bakin titi sai ya ɗaga kai daga matashi, ya saurara har ta yi nisa.

Motar Direba ta lalace a wani gari mai nisa, aka yi ta jiran kayan gyara. Ya kira, Auta ta kara wa Baba wayar a kunne. Ina wurin.

"Ya jiki, Baba?"

"Da sauƙi. Yaushe za ka zo?"

"Da an gyara."

"To. Akwai magana. In ka zo."

Wata rana da hantsi, ina tsakiyar yi wa wani aski, na ga Auta a madubi tsaye a ƙofar shagona, ba takalmi a ƙafarta. Na ajiye almakashi. Mutumin da ke kujera ya cire ƙyallen daga wuyansa da kansa, da rabin aski ya bi mu.

Direba ya bar motar a can ya hau ta haya, amma ko da ya iso an riga an kai Baba makwancinsa.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, wata safiya na ji an buɗe ƙofar shagon kafinta. Na leƙa. Direba ne zaune a kan benci, ƙura ta rufe komai, magogin yana hannunsa. Ya zare ƙarfen yana gwada kaifinsa a farce.

"Shi ya wasa shi?"

"Shi ne. Kaɗan-kaɗan, yana hutawa."

Ya mayar da ƙarfen. Ya riƙe magogin kamar zai yi aiki, babban yatsansa ya faɗa cikin ramin daidai. Ya daɗe yana kallon yatsan. Sai ya sauya hannu, ya riƙe shi da hagu, yatsan ya rasa wurin zama.

"Kaka bahago ne," ya ce. "Ina ƙarami nakan yi masa dariya in yana yanka da zarto." Ya ɗago. "A hanya na tuna, ina kwance a ƙarƙashin mota. Mai aski, don Allah kada ka rufe ni. Baba ya sani?"

"Tun kafin ya taɓa ƙarfen."

Ya gyaɗa kai. Na zauna kusa da shi na faɗa masa duk abin da Baba ya ce, maganar injin da ta makarantar Auta da sauran, ban rage ba, ban ƙara ba. Amma a bakina maganar ta zama labari kawai. Ni ma na ji haka, shi ma ya ji.

"Ina durƙushe a gabansa," ya ce. "Ga ni ga shi. Muka ɓata lokacin a kan taya."



Muna nan zaune wata mata ta tsaya a bakin ƙofa, ba 'yar layinmu ba ce, ta rungumo kujerar katako mai karyayyar ƙafa.

"Sannunku. Nan ne wurin tsohon nan mai gyara? An ce in ya ɗaura ƙafa ba ta sake girgiza."

Na buɗe baki zan gaya mata, Direba ya riga ni miƙewa. Ya karɓi kujerar, ya kifa ta, ya duba inda ta tsage.

"Baba ya rasu," ya ce.

"Wayyo! Allah ya jiƙansa. Ban sani ba, ku yi haƙuri." Ta miƙa hannu za ta karɓi kayanta.

"Bar ta dai, Inna. A gani."

Ta tafi tana waiwaye. Direba ya jingina kujerar da bango a bakin shago, ya koma ciki ya zauna. Rana ta tako har kan dakali. Kujerar tana tsaye da ƙafa uku, ta huɗun an ɗora mata a cinya.