Katanga a Kan Katakon Yanka

"To ka ɗauke ta mana, tunda buhun hatsi ce."

"Baba, ni ban ce haka ba."

"Ka ce. Kwalliya kawai ka yi wa maganar."

Mai faci yana tsugune a ƙofar shagonsa, ya danna tub cikin bahon ruwa yana jiran inda kumfa za ta ɓullo. Langa-langa ce kawai tsakaninsa da rumfar tsohon, ko bai kasa kunne ba magana tana iske shi. Babban ɗan tsohon ne ya zo daga garin da yake aiki, ya ajiye mota a bakin kwata, ko ruwa bai sha ba ya fara.

Hujjarsa ba ta banza ba ce. Idon Inna, matar tsohon, ya kusa rufewa, sai haske da inuwa take gani. Kwanan nan ta datse ɗan yatsa garin yanka albasa har sai da aka yi mata ɗinki. Shi kuma Baba ƙirjinsa ya ƙi, likita ya hana shi ƙurar katako da warin gam, ya ji ta kunnen dama ya zubar ta hagu. Ɗan ya ce ya gyara musu ɗaki a gidansa, a saman bene, da mai kula da su. Ya ce in wani abu ya faru, macen da ba ta iya riƙe wuƙa ba za ta zauna ita kaɗai ba.

Tsohon ya yi tari mai tsawo. Da ya samu numfashi sai ya ce matar nan ta san kowace ƙusa ta gidan nan da tafin hannunta, a kai ta saman bene kuma a ce an taimake ta?

"In ta iya yanka ba ta ji ciwo ba fa?"

"Baba, don Allah."

"Tambayarka na yi."

"In ta iya, sai in bar ta."

Ɗan ya faɗi haka ne don a rufe zancen. Da zai tafi ya kwashe kwalaben gam da ke kan teburi ya zuba a bayan mota. Ya ɗaga wa mai faci hannu ba tare da ya dube shi ba.

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba aka ƙwanƙwasa langa-langar.

"Sarkin Faci, fito min da amanata."

Tun makon da ya wuce tsohon ya ɓoye kwalba biyu a bayan tayoyin maƙwabcinsa. Ya san ɗansa.

Sana'arsa katakon yanka ce, irin wanda ake ɗora nama ko kayan miya a kai. Amma nasa daban ne. Yakan sassaƙa zane a jikin katakon da kurfi, ƙarfensa na sassaƙa, ganye ko kifi ko kogi mai lanƙwasa, sannan ya cika ramin zanen da ruwan gam mai launi, wanda in ya daskare yake zama kamar gilashi. Gam ɗin kwalba biyu ne, shi yake kiransu miji da mata. Kowa shi kaɗai ba ya tsinana komai, in ji shi, sai an haɗa su daidai an juya da haƙuri; in ɗaya ya rinjayi ɗaya kuwa, zaman ba ya ƙarko, sai danƙo. Kullum sai ya faɗi wannan, kullum kuma sai ya ƙara da tambayar mai faci yaushe za a samo masa tasa kwalbar.

Doka ɗaya gare shi da kowa a layin ya sani. In ya gama, yakan goge katakon har gam da itace su zama fata ɗaya, ya miƙa maka ya ce ja farcenka. In farce ya ji gaɓa, aikin bai fita daga rumfa ba. Mai faci ya yi shekara da shekaru yana jan farce a kan katakan nan tsakanin taya da taya, bai taɓa jin gaɓa ba.

Wannan karon tsohon ya zaɓi katako mai duhu, mai nauyi, wanda ya daɗe yana ajiya. Bai zana kifi ba, bai zana ganye ba. Layi ɗaya ya ja, mai kauri, daga sama zuwa ƙasa, a tsakiya kuma ya bar giɓi bai sassaƙa ba. Mai faci ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙare masa a wurin.

Aikin da da yakan gama kafin rana ta take ya ci masa kwanaki. Ya buga kurfi sau kaɗan, ya ajiye, ya dafe teburi yana jan iska kamar mai ɗaga guga daga rijiya mai zurfi. Mai faci ya ce a ba shi ya ƙarasa.

"Kai da ka saba da roba? Itace ba ya yafe kuskure."

"Baba, ko gudumar ce in riƙa bugawa."

"Riƙe katakon dai."

Ya riƙe. Ta ƙofar gida yana hango Inna a tsakar gida, yatsanta a naɗe da farin ƙyalle, tana shanya tana bin igiya da hannu. Ba ta taɓa kuskuren inda turke yake ba. Lokaci-lokaci takan ɗaga murya ta ce, Malam, tarin nan har maƙwabta sun haddace shi, ka shigo ka kwanta. Shi kuma ya ce ya kusa.

Ranar zubi tsohon ya sa mai faci ya ɗora kofin ruwa a kan katakon, suka yi ta cusa takarda a ƙarƙashin ƙafar teburi har ruwan ya tsaya daidai. Ya manna tef a gefe da gefen ramin, ya tayar da shi kamar bango. Ya auna miji, ya auna mata, ya barbaɗa garin kala rawaya, don rawaya ce kawai idonta ke kamawa yanzu. Tari ya sarƙe shi, dole mai faci ya karɓi kofin. Ya zuba a hankali har ramin ya cika.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙara, na ce."

"Baba, ya fi ƙarfin samfefa."

"Wa ke zubi, ni ko kai?"

Ya ƙara har gam ɗin ya hau ya kai kaurin fensir a saman katakon, tef ne kawai ke tare shi. Tsohon ya kunna ashana ya wuce da ita sama-sama, ƙananan kumfa suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Suka kifa baho a kai saboda ƙura da ƙuda. Ya ce sai gobe war haka, kada kowa ya taɓa. Ya ce in ya daskare a kai mata.

Mai faci ne ya kama shi ya shigar da shi ɗaki. Jikin ba nauyi, kamar tayar keke.

Washegari da hantsi yana cire ƙusa daga tayar wani mai babur, sai ya ji Inna ta kira shi. Ba ihu ta yi ba. Ta dai kira shi ne da muryar da ba ta taɓa kiransa da ita ba. Ya iske tsohon a kishingiɗe, fuskarsa wajen taga, ƙurar katako har yanzu a cikin farcensa. Ta ce ruwa ya nema, kafin ta kawo ya tafi. Kofin yana hannunta, ba ta zubar ba, ba ta ajiye ba.

Aka kai shi makwancinsa kafin rana ta yi sanyi. Gida ya cika, rumfar ma aka shimfiɗa tabarmi a cikinta. Wani daga cikin masu gaisuwa ya ɗaga bahon don ya samu wurin ajiye takalmi, katakon ya bayyana: layi ɗaya rawaya, a kumbure, a katse, tef na reto a gefe. Babban ɗan ya daɗe yana kallonsa. Ya ce a hankali, ba da raini ba, ashe hannun Baba ya riga shi tafiya. Mutane suka ce Allah ya jiƙansa, ciwo ba ya barin gwaninta.

Mai faci yana gefe yana jin su. Da jama'a suka ragu ya ɗauke katakon ya shige shagonsa. Ba za a ce wannan ne aikin ƙarshe na mutumin da farce bai taɓa kama shi ba. Ya ɗauko magagari ya ci tudun nan har ƙasa. Ya bi da samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya jiƙa ya sake bi. Wani mai mota ya yi ta danna oda a waje, bai fita ba. Ya shafa mai, duhun itacen ya fito, rawayar ta haska kamar an kunna ta daga ciki. Ya ja farcensa. Babu gaɓa.

Ya iske Inna a bakin madafa, an riga an fara ɗaure tukwanenta cikin kwali. Ɗan ya koma wurin aiki, zai dawo da babbar mota ƙarshen mako. Mai faci ya durƙusa ya ɗora mata katakon a cinya. Ta shafa shi da tafin hannu, daga sama zuwa ƙasa. Ta sake shafawa. Ta juya bayansa ta shafa.

"Ina katangar?"

"Wace katanga, Inna?"

Ta ce Malam ya auna yatsunta da tsinke, ya ce zai gina mata katanga a kan katako. Yatsu su fake a bayanta, wuƙa ta bi ta gabanta, a tsakiya kuma ƙofa inda za ta riƙa turo albasa. Rawayar ta rana ce, in ji shi. A cikin madafa kuwa, inda ba haske, hannu ne zai gani.

Mai faci bai ɗago kai ba. Ya faɗa mata abin da ya yi, a gajarce. Yatsanta na bin layin da ba ta ji. Can ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Garin neman gira. Ai shi ya jawo, da bakinsa kamar an ɗinke. Tashi, ɗan nan, ka yi abin da ka ga yana yi ne."

Ya tashi. Ya ɗauke katakon daga cinyarta ya fita da shi.

Kwalaben suna nan a rumfa, sai ɗan abin da ya kwanta a gindinsu. Waɗanda ke bayan motar ɗan sun yi nisa, mai sayarwa kuma sai an yi masa saƙo an jira. Ya jingina su a rana har gam ɗin ya saki, ya kifa su cikin kofuna biyu, ya zauna yana kallon ɗigo. Matar ta fi mijin yawa. Ya rage ta har suka zo daidai, ko da yake ransa bai so zubar da ko ɗigo ba.

Abu ɗaya ya sani da ba a rumfar ya koya ba: faci ba ya kama wuri mai santsi. Ya ɗauki magagari ya karce rawayar da ya wuni yana gogewa, ya farfasa ƙyallinta. Sannan ya ɗauki kurfin tsohon, karo na farko a rayuwarsa, ya sara ƙananan ramuka a cikin layin don sabon zubi ya samu wurin kafa ƙafa. Kurfin ya zame sau ɗaya ya ci itace. Ya bar tabon. Ya kira Inna ta ɗora yatsu, ya tayar da tef daidai tsayinsu. Kofin ruwa, takarda a ƙarƙashin teburi, juyi a hankali. Ya zuba, ya kankare kofin da tsinke, ya sake kankarewa. Da ƙyar ya kai bakin tef ɗin. Ashana ta farko ta mutu a hannunsa, ta biyu ta fasa kumfar. Ya kifa baho, ya ɗora taya a kai don kada wani ya sake neman wurin takalmi.

Ba ya iya zama a shago. Ya yi faci ɗaya, ya leƙa rumfa. Inna ta ce in ya ƙara zagaya bahon nan sai ta ɗaura masa ƙararrawa.

Motar ta riga ƙarshen mako zuwa. Da safe ya ji ta tana ja da baya a layin, ɗan yana yi wa direba nuni da hannu. Aka fara fito da kwalaye. Mai faci ya sauke tayar, ya ɗaga bahon, ya danna gam ɗin da farce. Bai lotsa ba. Ya ɓare tef, ya kashe kaifin gefen kawai da samfefa don kada ya yanke ta, ya tsaya nan. Katangar ba ta miƙe sosai ba. Farce kuwa, ko makaho ya ji gaɓarta.

Ya ratsa masu ɗaukar kaya ya shiga madafa. Inna ta sa ya kwance kwali ɗaya ya ciro mata wuƙa, ta laluba kwando ta ɗauko albasa, ta ɓare, ta raba ta biyu a kan katakon. Ta nemi katangar ta samu. Yatsunta suka fake a baya, har da mai farin ƙyallen. Ta turo albasar ta ƙofa, wuƙar ta sauka ta gaba, ta taɓa itace. Ta sake turowa.

Ɗan ya tsaya a bakin ƙofa da tabarma naɗe a kafaɗa. Ya buɗe baki zai ce ta ajiye wuƙar, bai ce ba. Yankan ya fara a hankali, sannan ya kama sauri irin na da, wanda duk layin ke ji ta bayan langa-langa. Albasar na taruwa a gefe, siriri-siriri. Idon mai faci ya kawo ruwa, ya bar shi a kan albasa ce.

Daga waje direba ya leƙo ta taga, yana share gumi da hula.

"Maigida, gadon za a fara ɗorawa ko tukwanen?"