Babi na Goma Sha Huɗu

Malam Filibus ya ɗaga shafin a hankali, ya rabe biyu a hannunsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Ruwan safe ya yaye kwanon ɗakinsa da ke Gyadi-Gyadi, ya sauka a kan kwalin da ya adana littafinsa. Shekara shida ya yi yana rubuta shi: labarin mahaifinsa da mutanen ƙauyensu na Filato, waɗanda Turawa suka kwasa aikin tilas a ramukan kuza. A zamanin soja babu maɗaba'ar da ta yarda ta taɓa littafin da ke maganar zaluncin hukuma. Sai bana, da farar hula suka karɓi mulki, wata ta ce ya kawo shi jibi Litinin.

"Baban Ruth, bar shi haka," in ji matarsa Janet. "Yau Asabar, je ka wurin mutanenka."

"In ce musu me?"

"Abin da ya faru."

A wani ajin firamare a Tarauni ƙungiyarsu ta marubuta labaran tarihi take haɗuwa, su bakwai. Da Filibus ya isa, bai zauna ba. Ya faɗa musu a taƙaice, ya ce ya haƙura, shekarunsa sun wuce sake farawa.

Husaina, ma'aikaciyar jinya mai rubutu a kan fataken goro, ta zuge jakarta.

"Baba, babi na uku da na huɗu ai suna wurina. Kwafin da ka ba ni in duba."

"Nawa suna gida, daga na biyar zuwa na tara," in ji Ɗahiru tela.

Filibus ya nemi benci ya zauna. Shi tuni ya manta da waɗannan kwafe-kwafe na kabon.

Suka watse a kan acaɓa, wani Darmanawa, wani Ƙauyen Alu. Kafin ƙarfe biyar babi goma sha uku suna kan teburin malami, gefensu cike da jan biro, ɗaya har da tabon manja. Filibus ya riƙa shafa su yana dariya, idanunsa sun kawo ruwa.

Saura na ƙarshe. Shi bai taɓa ba kowa ba, sau ɗaya kawai ya karanta musu.

"To, ai muna da kunnuwa," in ji Alhaji Isyaku, tsohon direban jirgin ƙasa wanda ya yi shekaru yana ɗauko kuza daga Bukuru. "Husaina, ɗauki biro."

Ɗahiru ya tuna yadda babin ya fara. Wata ta kawo waƙar da leburori ke yi in sanyi ya matsa musu. Da an taɓo jimla, sai sauran ta zubo wa Filibus, har suka kai inda aka sallami mahaifinsa ya hau jirgi zuwa gida.

"Bai hau ba," in ji Alhaji Isyaku. "Irinsu ba a ɗaukarsu. Na sha ganinsu a gefen dogo suna tafiya, buhu a kafaɗa maimakon riga. In na busa musu ƙaho ko waiwaye ba sa yi."

"Alhaji, ba haka na rubuta ba."

"Na sani. Ran da ka karanta mana, kunyarka na ji, shi ya sa ban gyara maka ba."

Filibus ya dubi Alhaji Isyaku. Sannan ya matso da bencinsa kusa da tsohon.

"Soke nawa, Husaina. Alhaji, ci gaba. Wane irin buhu ne?"