Sunan Inna Kulu Ya Ƙi Barin Bango

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya ajiye ni a garin da ba shi da mai gari. Ban yi mamaki ba, don irin garin da ni da abokan aikina muke fama mu gina a intanet ke nan: dandalin sada zumunta da ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba, kowace ƙungiya da ɗan gidanta, gidajen suna magana da juna bisa ƙa'idar da aka yarda da ita. Bambancin kawai, a can gidajen na laka ne, kuma suna numfashi.

A kwano ake zuba magana a garin. Ka faɗi abin da ke bakinka, ka rufe da faifai, ka miƙa ta katanga, kwanon ya bi iska ya je inda aka aike shi. Gaisuwar ta'aziyya ta wuce ta saman kaina a hankali tana tururi. Gulma kuwa da gudu take tafiya, har tana zuba.

Sai ga Inna Kulu, ƙanwar mahaifiyata, zaune bakin rijiya da kwandon daddawarta. Ruwan rijiyar yana hawa sama da kansa, mata suna tare shi da rariya.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Gidanmu ne ya gaji, Mardiyya. Ya ce jibi zai kwanta."

"To ki koma wani gidan mana."

"Na gwada, 'yar nan. Sunana ne bai biyo ni ba."

Ta nuna min shi, yana manne a bango kamar gidan zanzaro. A ƙa'idar garin, sunan mutum na gidan da yake zaune ne. In gidan ya kwanta, masu sayen daddawarta ba za su san ta ba, haka 'yarta Rakiya da ke aure a ƙarshen gari. Muna cikin haka Hajiya Dudu, wadda ta yi shekaru tana saye a wurinta, ta tsaya a gabanmu.

"Baiwar Allah, ko kin ga Kulu?"

Inna ta dube ta, ta ce, "Ban gan ta ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na tsinci kaina a majalisar ƙa'ida. Ƙadangaru ne cike da benci, wani zabo mai tabarau yana shugabanta. Na ce suna ya riƙa bin mai shi duk inda ya koma. Ƙadangarun suka gyaɗa kai. Na yi murna, sai na lura ko tari aka yi gyaɗa kan suke yi.

"Za mu kafa kwamiti," in ji zabon.

"Ranka ya daɗe, wanda kuka kafa bara fa?"

"Shi ma ya kafa nasa."

Wani ƙadangare mai jan wuya ya kawo shawarar a gina ƙaton gida guda a zuba kowa a ciki. Na ce in shi ma ya gaji fa? Ya ce sai kowa ya ɓata tare, ba mai jin haushin wani. Na ɗauki takalmana na fita, su ma takalman suna gyaɗa kai.

Na koma wurin Inna na tarar tana wanke kwano. A gindinsa akwai ɗigon jan farce, irin alamar da mata ke yi don kada kwanonsu ya ɓata a gidan biki. Nan dabara ta zo min. Na je ƙofar gidan farko na yi sallama, na ce wa ƙofar daga yau kada ta tambaya daga wane bango kwano ya taso, ta juya shi ta duba gindi.

"Kowa yana da jan farce," in ji ƙofar.

Gaskiya ta faɗa, duk da haushin da na ji. Na zauna a dokin ƙofar na sake tunani. Ni da Inna muka raba alamar biyu, rabi a gindin kwano kowa ya gani, rabi Inna ta ƙulle a haɓar zaninta. In an haɗa sun dace, to Kulu ce. Ƙofar ta gwada, ta yi ƙara, ta buɗe.

Saura sauran ƙofofin garin, kuma babu mai ba su umarni. Ɗaya bayan ɗaya zan lallashe su. Wata kurma ce, sai da na yi mata bayani da hannu. Wata ta ce tun zamanin kakanta bango ake dubawa. Na ce zan dawo, kuma na dawo. Can na waiga na ga gidan su Inna ya fara durƙusawa kamar raƙumi, bai ma jira jibin ba. Na kama hannunta muka nufi gidan Rakiya. In na yi gudu titin ya ƙara tsawo, don haka na riƙa tafiya a hankali, muka isa nan da nan.

Na miƙa kwanon. Inna ta kwance haɓar zaninta. Daga ciki muka ji muryar Rakiya.

"Wace ce?"

Ƙofar ta juya kwanon, ta buɗe baki za ta amsa.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Na daɗe zaune bakin gado ina jin haushin mai injin. Ƙaramin dandalin da Inna Kulu take sayar da daddawarta a kai, ƙarshen wata mai shi zai rufe shi, ya ce ya gaji. Ko fuska ban wanke ba na jawo kwamfutata. Rakiya ta yi tambaya, kuma amsar ƙofar ni ce zan rubuta ta.